Maɗori, Wanzami da Likita: Tarihin Jiyyar Ciwon Baya a Ƙasar Wudil

Acika gari ne na manoma a ƙasar Wudil, kudu maso gabas da birnin Kano, kuma a tsarin mulki na yanzu ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar. Ita Wudil tana bakin kogi, kamar mil 25 daga birni, a kan babbar hanyar da ta nufi Barno. Nan ne aka zaunar da Makaman Kano, na gidan Joɓawa, sa'ad da Turawa suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, 'yan shekaru kaɗan bayan cin Kano a 1903. Wanda ya tsaya a bakin gadar Wudil ranar Jumma'a, ranar kasuwar shanu, zai ga masu haƙar yashi a cikin kogi, da 'yan dako da buhuna a ka, da masu loda tukwane a mota. Dukansu da bayansu su ke cin abinci.

Haka abin ya ke a ƙauyuka, ko ma fiye. Fartanya gajeren ƙota gare ta, ba a noma da ita sai a sunkuye, tun daga noman fari har maimai. Mace kuwa ga daka, ga surfe, ga tulu a ka, ga goyo a baya. Maɗinkin babbar riga ya kan wuni a zaune ya duƙa a kan aska da allura. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sai aka sami wani sabon nauyi. Gama dalar gyaɗar nan da Kano ta yi suna da ita har cikin shekarun 1970, a kan wuyan leburori da bayansu aka gina ta, buhu bayan buhu.

Abin lura shi ne, duk da yawan wannan ciwo, bai taɓa samun mai shi ba a cikin sana'o'in magani na Hausawa. Karaya ta maɗori ce, haihuwa ta ungozoma, kaciya da cire beli na wanzami, iska kuwa ta 'yan bori. Ciwon baya shi kaɗai ne ke yawo gida gida, ko wane mai magani ya taɓa shi gwargwadon abin da ya sani, ba wanda ya ce nasa ne. A ƙasar Amurka kuwa an sami mutum guda wanda ya ce baya nasa ne, har ma ya ce dukan cuta daga baya ta ke tasowa. In aka jera tarihin nan biyu, za a ga abin da ko wanne ya samu da abin da ya rasa.

Bahaushe ba ya rasa sunan wurin da ke masa ciwo. Akwai gadon baya, akwai tsatso, akwai kwankwaso da ƙugu, kuma yawancin kukan manoma a kan na ƙasan nan ne. Amma ba wurin ciwo ne ke nuna wanda za a je wa ba, sai dalilin da aka ɗora wa ciwon. In aka ce sanyi ne ya shiga jiki, sai a nemi abin da zai kore shi: gashi da ruwan zafi, da shafa man shanu ko man kaɗanya, da kunun kanwa, da kayan yaji. In aka ce basir ne, wanda a wurin Hausawa ya ƙunshi abubuwa da yawa da likita ba zai kira su da suna ɗaya ba, sai a je wa mai saiwa da sassaƙe a karɓo jiƙo. In kuwa aka ce mataccen jini ne ya taru, to, aikin wanzami ya samu. Wani likita Ba'amurke, Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi ya kuma buga littafinsa kan maganin Hausawa a 1988, ya nuna yadda sanyi da zafi su ke da babban matsayi a tunanin mutane game da lafiya. Murray Last kuma, a wata maƙala ta 1981 daga wannan yanki, ya lura cewa mai ciwo sau da yawa bai damu da sanin tsarin da mai magani ya ke bi ba. Sauƙi ya ke nema, ko daga hannun wa.

A cikin waɗannan duka, ƙaho ne ya fi kusa da zama maganin baya na musamman. Wanzami ya kan zaunar da mutum ya juya masa baya, ya kafa ƙahon saniya a kan tsatso, ya tsotse iskar ta ƙaramar kafar da ke bisa, ya toshe. In fata ta taso sai ya cire, ya yi 'yan tsaga da aska, ya sake kafawa. Jinin da ya fito ya daskare ya yi baƙi shi a ke nuna wa mai ciwo a ce ga cutar nan ta fita. Manoma da yawa sun mai da shi al'ada, su kan yi bayan an gama aikin damina. Ƙaho kuma yana da gindin zama a addini, domin ya tabbata a hadisai cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya biya wanda ya yi masa. Lalas, watau ƙuna da ƙarfe mai zafi, ba shi da wannan daraja, domin an hana shi a hadisi ko da ya ke an ambaci amfaninsa.

Malamai su ma suna da nasu rabo, na tofi da rubutun sha, da kuma na littattafai. Shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan ɗibbu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insani, wanda ya haɗa gyaran addini da na jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risaloli da dama, har da guda a kan basir da wata a kan ciwon ido. Littafin Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikima, wanda a ke jingina wa Suyuɗi, ya daɗe a hannun malaman zaure. Sai dai, kamar yadda Isma'il Abdalla ya bayyana a littafinsa na 1997, abin da ya fi yaɗuwa a ƙasar Hausa shi ne ɗibbun Annabi da na addu'a da tsirrai. Reshen aikin hannu na likitocin Musulmi na dā bai kafu a nan ba.

Wannan reshe kuwa ya yi magana a kan baya filla filla. Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya kasa juzu'in ƙarshe na littafinsa Attasrif kashi uku: ƙuna, da tsaga, da gyaran ƙashi. Mai karatu zai ga lalas da aikin wanzami da ɗori ke nan. A babin ƙashin baya ya bi sawun Buƙraɗu na Yunan, ya kwatanta yadda a ke kwantar da mutum rub da ciki, a ja shi ta sama da ta ƙasa, a danna gaɓar da ta fito. Amma kafin ya kwatanta, sai da ya rarrabe: doron da faɗuwa ko duka ya jawo ana iya gwada shi, wanda ya taso tun yarinta kuwa ba a taɓa shi. Buƙraɗu ma, ƙarni da yawa kafin nan, ya riga ya lura cewa wani irin doro yana tafiya tare da cutar huhu. A riƙe wannan, za a komo gare shi.

Saura maɗori, wanda a zato shi ya kamata ya mallaki baya, tun da ƙashi ne. Ɗori sana'ar gado ce, ɗa ya kan koya a gaban ubansa, kuma a garuruwa da yawa akwai Sarkin Ɗori da sarki ya naɗa. Aikinsa karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. Ya kan lalubi wurin da yatsu, ya ja, ya daidaita, ya shafa mai, ya jera karan ɗori ya ɗaure, ya yi tofi. A kan ji labarin waɗanda su ke ɗora kara a gidansu mai karaya ya warke a wani gari, wannan kuwa yana cikin abin da mutane ke faɗa don girmama gidan. In aka kawo masa wanda ya ɗaga buhu bayansa ya riƙe, ya kan yi tausa, ya miƙar da shi, wani lokaci har a ji ƙas. A gida ma tsoho ya kan kwanta ya sa jikansa ya tattaka masa baya. Amma maɗori bai taɓa cewa zazzaɓi ko kurumta ko ciwon ciki daga ƙashi su ke ba. Ya tsaya inda hannunsa ya ke ji. Aibin da likitoci suka fi kama shi da shi na wajen ɗauri ne, gama in ya tsananta jini ya kan tsaya, hannu ko ƙafa ta ruɓe har a yanke.

Turawa su ma suna da maɗoransu. A Ingila, babban likita James Paget ya yi lacca a 1867 a kan irin cututtukan da maɗora ke warkarwa, ya gargaɗi 'yan'uwansa su koyi abin kirkin da ke hannun waɗannan mutane su bar na banza. Hugh Owen Thomas na Libaful, wanda a ke lissafa shi cikin iyayen likitancin ƙashi na zamani, ɗan maɗori ne jikan maɗora daga ƙasar Wales. Watau a can ɗori shiga makaranta ya yi ya zama likitanci.

A Amurka sai abin ya bi wata hanya. Daniel David Palmer, haifaffen Kanada a 1845, ya taɓa koyarwa, ya yi kiwon zuma, ya yi kanti, kāna ya koma warkarwa da abin da a ke kira maganaɗisun jiki a garin Davenport na jihar Iowa. A watan Satumba na 1895, bisa ga faɗarsa, ya danna wata gaɓa a bayan mai sharar gidan da ofishinsa ya ke, Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga wannan ya gina ra'ayi cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka gocewar gaɓoɓin baya ce ke kawo su, domin tana danne jijiyoyi. Wani limamin kirista abokinsa ya haɗa masa suna daga kalmomin Yunananci biyu masu ma'anar aiki da hannu, shi ne kairofiraktik. Ya buɗe makaranta a 1897. Kafin shi, Andrew Taylor Still ya riga ya buɗe tasa makarantar ta ostiyofati a Kirksville a 1892, a kan ra'ayi mai kama da wannan, har almajiran Still suka riƙa cewa kwaikwayonsu aka yi.

Likitoci ba su bar shi ya sha ruwa ba. A 1906 aka ɗaure Palmer saboda yin magani ba da izini ba, makarantar ta koma hannun ɗansa B. J. Palmer, wanda ya fi uban iya talla nesa. Shari'ar da aka yi wa wani almajirinsu, Shegataro Morikubo, a jihar Wisconsin a 1907, ita ce ta koya musu dabarar tsira: lauyansu ya ce abin da su ke yi ba likitanci ba ne, wani fanni ne dabam mai nasa hikima, aka kuwa sallame shi. Daga nan ra'ayin da ya kamata a gwada a gani ya zama garkuwa wadda ba a iya ajiyewa. Jihar Kansas ta fara yi musu doka a 1913, shekarar da Palmer ya mutu, Louisiana ta zama ta ƙarshe a 1974. Ƙungiyar likitocin Amurka ta kafa kwamiti a 1963 don ta kashe sana'ar. Chester Wilk da abokansa suka kai ƙara a 1976, kuma a 1987 kotun tarayya ta sami ƙungiyar da laifin haɗa baki don karya abokan gasa. Sai a lura, kotun ba ta ce ra'ayin Palmer gaskiya ne ba. Hanyar da aka bi wajen yaƙarsa ta haramta. Ingila ta yi wa sana'ar doka a 1994. A Afirka ta Kudu an fara koyar da ita a Durban a 1989.

Wani abin mamaki, a wannan shekara ta 1895, watanni biyu bayan labarin Lillard, Wilhelm Röntgen ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a Jamus. Aka zaci gardama ta ƙare, tun da yanzu ana iya ganin baya. Ba ta ƙare ba. Gocewar da Palmer ya ce ita ce uwar cututtuka ba a tabbatar da ita ba har yau. A 1934 Mixter da Barr na Boston suka nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi ya kan fashe ya danne jijiya, ciwo ya sauka ƙafa, sai likitoci su kuma suka ɗauki shekaru suna ɗora wa faifan nan laifin da ya fi ƙarfinsa. Daga baya aka gane cewa mutane da yawa masu lafiya ƙalau hotonsu yana nuna faifai ya turo. Abin da aka tsaya a kai shi ne, wajen kashi 90 cikin 100 na ciwon tsatso ba a iya nuna takamaiman abin da ya kawo shi, kuma mafi yawansa ya kan lafa cikin 'yan makonni, ko da ya ke yana yawan komowa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wanzami da mai jiƙo da almajirin Palmer ko wanne ke da shaidu masu rantsuwa cewa shi ya warkar da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke da ciwon tsatso a 2020, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. A jagorar da ta fitar a Disamba 2023 a kan wanda ya daɗe, ta yarda a yi amfani da motsa jiki, da tausa, da gyaran baya da hannu, a matsayin wani yanki na jiyya. Ta hana jan baya da na'ura, da ɗaura ɗamarar ƙugu, da ƙwayoyi masu ƙarfi dangin taramol, waɗanda leburori da yawa a ƙasar Kano suka san su fiye da kima. Ga inda shekara 128 ta kai da'awar Palmer: daga maganin dukan cuta zuwa hanya guda cikin hanyoyi, amfaninta daidai da na sauran, ba ta fi su ba. Wannan kuwa kusan shi ne matsayin da maɗorin ƙauye ya ba tausarsa tun asali.

Amma akwai ragowar kashi 10, kuma a nan ne tarihin Kano ya rabu da na Iowa. Doron nan da Buƙraɗu ya haɗa da huhu, wanda Percivall Pott na London ya kwatanta a 1779 har a ke kiransa da sunansa, tarin fuka ne da ya kama ƙashin baya. Ya kan fara kamar ko wane ciwon baya. Ƙwayar cutar tana cin gaɓa a hankali har ta rushe, baya ya yi ƙusumbi, mugunya ta danne laka, ƙafafu su shanye. Mai wannan ciwo in aka kafa masa ƙaho an ɓata masa lokaci; in aka taka masa baya ko aka danna da ƙarfi, ana iya gurgunta shi nan take. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka abin da ya zama nadiri a Amurka a nan ba nadiri ba ne.

Maganin wannan bai zo ta hannun kowa ba, ta ƙwaya ya zo. An sami allurar sitireftomaisin a tsakiyar shekarun 1940, aka sami isoniyazid a 1952. Kafin nan jiyyar ita ce a kwantar da mutum cikin filasta shekara ɗaya ko biyu, abin da asibitin En'e na birnin Kano, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1920, ba shi da gadajen yi wa jama'ar lardi duka. A Ibadan ne likita Peter Konstam, saboda ƙarancin gado, ya gwada ba masu ciwon magani suna tafiya da ƙafarsu suna komowa, ya buga sakamakon a 1958 da 1962, aka ga yawancinsu sun warke. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Koriya da Rodeshiya sun ƙarfafa wannan hanya. A 1959 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe asibitin ƙashi a Dala, wanda ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a ƙarshen shekarun 1970 tare da na Igbobi a Ikko da na Inugu. Aikin gashin ƙashi na asibiti ya shigo ƙasar ta Igbobi a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, Jami'ar Bayero ita ma ta buɗe sashensa daga baya. Dokar 1988 da ta kafa hukumar rajistar masu wannan aiki ta haɗa har da masu kairofiraktik da ostiyofati, sai dai sana'ar Palmer ba ta yi saiwa a Arewa ba. Hannun da ke taɓa bayan manomin Acika har yanzu na wanzami ne, ko na maɗori, ko na ma'aikacin gashi in ya kai asibiti.

Alamun da ke raba bayan da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba kaɗan ne, kuma ba su bukatar na'ura. Ciwon da ya wuce makonni yana ƙaruwa, ba ya lafawa ko an kwanta; zazzaɓi da gumin dare da rama; ƙullutu mai tsini a gadon baya; ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu; fitsari ko bayan gida ya riƙe ko ya kuɓuce; ciwon baya a jikin yaro ƙarami, ko bayan faɗowa daga itace ko mota. Malamin makarantar horon malamai yana iya koya wa ɗalibansa waɗannan cikin darasi guda, su kuma su kai su ƙauyukan da za a tura su. Maɗori da wanzami su ne su ke fara ganin bayan tsirara, kafin malamin asibiti ya gan shi da watanni. Daga Acika zuwa babban asibitin Wudil tafiyar ƙasa da sa'a guda ce, daga Wudil zuwa Dala kuma ba ta kai rabin wuni ba, maganin tarin fuka kuwa kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati.